Dalilin Da Ya Sa Yashi Mai Laushi Ke Cin Siminti

A hutun da ya wuce na koma garinmu, na tarar kawuna, wanda ya ke magini ne, ya sami aikin daɓen ɗakuna biyu na wata makaranta. Da ya ke ba ni da abin yi, sai na riƙa binsa ina ɗauko masa ruwa, ina ƙirga masa kwanonin yashi da na tsakuwa. Ɗakin farko an yi shi da yashin kogi mai kaushi, wanda aka kawo a mota daga nesa. Kafin a kai ga na biyu wannan yashi ya ƙare, mai aikin kuwa ya ce shi ba zai biya kuɗin wata mota ba, ga rairayi nan birjik a bayan gari wanda iska ta tara, lallausa kamar garin tuwo, a je a ɗebo. Aka ɗebo. Siminti iri ɗaya ne, awo ɗaya, magini ɗaya. Amma tun daga kwaɓin farko na lura ruwan da na saba kawowa ba ya isa. In aka zuba shi sai kwaɓin ya shanye, ya tsaya da tauri, shebur ba ya ratsa shi, sai leburori su ce, "Ƙaro ruwa, ɗan malam." Na yi ta ƙarowa.

Kafin hutu ya ƙare muka koma dubawa. Daɓen farko yana nan sumul, ko an ja benci a kai ba ya nuna alama. Na biyu kuwa ya yi tsage-tsage ƙanana kamar bayan kunkuru, in aka yi shara ƙura ta tashi, ƙusa ma tana karce shi. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ai na gaya masa. Wannan rairayi mayunwaci ne, cin siminti ya ke yi." Na ce, "Kawu, ta yaya yashi zai ci siminti?" Ya ce, "Haka muka tarar, ɗan nan. Kai da ka ke makaranta sai ka je ka tambayo littattafanku."

To, na tambayo, abin da na samo kuwa shi na ke so in shimfiɗa a nan. Da yawa cikinmu ƙauyuka za a tura mu, inda malamin makaranta shi ne wanda a ke zuwa wurinsa in za a ɗaure bakin rijiya ko a ƙara aji. Ran da aka kira ɗayanmu ya duba aiki, in bai san abin da zai duba ba, kuɗin jama'a ne zai salwanta, wani lokaci ma har da rai, in abin da aka zuba rufi ne.

Abu huɗu a ke haɗawa a sami kankare: siminti, da ruwa, da yashi, da tsakuwa. Simintin da mu ke amfani da shi wani magini ne na birnin Lids ta Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistarsa a 1824. A kan ƙona dutsen farar ƙasa tare da yumɓu cikin babban murhu mai juyawa har zafi ya kai misalin digiri 1,450, su narke su cure, sa'an nan a niƙa curin ya zama gari. A Nijeriya an fara yinsa a Nkalagu a 1957, aka bi da Kalambaina ta Sakkwato a 1967, da Ashaka a 1979. Wani abu da ya kamata a riƙe tun yanzu shi ne, siminti ba bushewa ya ke yi kamar laka ba. Haɗuwa ya ke yi da ruwa, su biyun su zama wani abu dabam mai tauri, don haka ko a ƙarƙashin ruwa ya kan daskare. Siminti da ruwa in an dama su, bari mu kira su kunun siminti. Wannan kunu shi ne danƙon ginin. Yashi da tsakuwa ba su da aiki sai cika wuri da ba da ƙashi, kuma ba ƙwayar da za ta kama 'yar'uwarta sai kunun ya shafe jikinta duka, ko'ina, ba a bar wuri ba.

Tun da ya ke haka ne, ashe tambayar da ya kamata magini ya yi ita ce, nawa ne faɗin jikin da zan shafe? A nan lissafi ya shigo, kuma lissafi ne wanda za ku iya nuna wa yaran aji huɗu da wuƙa da sabulu.

Ku yanko sabulu mai inci ɗaya tsawo, inci ɗaya faɗi, inci ɗaya kauri. Yana da fuska shida, kowace fuska murabba'in inci ɗaya, watau faɗin jikinsa duka murabba'in inci 6. Yanzu ku raba shi biyu ta tsawo, biyu ta faɗi, biyu ta kauri. Kun sami gutsure 8, kowane rabin inci. Kowane gutsure yana da fuska shida, kowace fuska rubu'in murabba'in inci, watau ɗaya da rabi ke nan ga gutsure guda. Ɗaya da rabi sau 8 ya ba da 12. Sabulun bai ƙaru ba, nauyinsa na nan yadda ya ke, amma faɗin jikinsa ya ninka, domin kowace yanka ta buɗe fuska biyu sababbi waɗanda da su ke ɓoye a ciki. In kuka raba kowane gefe goma, gutsure 1,000 za ku samu, faɗin jikinsu murabba'in inci 60. In ɗari ne, gutsure miliyan guda, faɗin jiki 600. Ka'idar ke nan: in kaurin ƙwaya ya ragu da rabi faɗin jikin tulin ya ninka biyu, in ya ragu zuwa ushiri ya ninka goma.

Iyayenmu mata sun san wannan tun ba mu san alli ba. Mudun gero in za a jiƙa shi don surfe, ɗan yayyafi ya ishe shi. Mudun nan in aka ɓarza shi ya zama tsaki sai ya nemi ruwa fiye da haka, in kuwa aka niƙa shi lilis aka tankaɗe, sai ya shanye ƙwarya guda bai ko nuna ba. Geron bai sake ba, jikin da ruwa zai bi ne ya yawaita.

Bari mu mai da abin kan kayan gini. Na yi lissafin nan bisa ɗaukar cewa ƙwayoyin mulmulallu ne, nauyin dutse kuwa ya ninka na ruwa sau biyu da kashi biyu cikin uku, kamar yadda ya ke ga yawancin yashi. Kilo ɗaya na tsakuwa mai kaurin milimita 20, watau kashi uku cikin huɗu na inci, in da za a feɗe fatar kowace ƙwaya a shimfiɗa, abin da za a samu misalin kashi ɗaya cikin tara ne na murabba'in mita, kamar fuskar allon karatu guda. Kilo ɗaya na yashin kogi mai kaurin milimita 1 zai ba da murabba'in mita biyu da 'yan kai, tabarmar kwana ke nan. Kilo ɗaya na lallausan rairayi, wanda kaurinsa bai kai humusin milimita ba, zai ba da misalin murabba'in mita 15, watau daɓen ɗakin kwana sukutum. Kun ga rairayin bayan garinmu ya ninka yashin kogi wajen sau bakwai a faɗin jiki, alhali kwanon sarki ɗaya muka riƙa auna su da shi, muka kuma ba su siminti daidai wa daida. Kamar mutum ne aka ba shi farar ƙasar da za ta shafe ɗaki guda, aka ce ya shafe bakwai.

Me zai yi? Hanya biyu ce kaɗai. Ko ya nemo ƙarin farar ƙasa, ko ya tsinka wadda ke hannunsa da ruwa. Ƙarin siminti kuɗi ne, ruwa kuwa kyauta ne, saboda haka kowa ya san hanyar da a kan bi. Ita muka bi, ni ne ma mai ɗauko ruwan.

Ga inda ɓarnar ta ke. Ruwan da siminti ke haɗuwa da shi ya zama dutse bai fi misalin rubu'in nauyinsa ba, watau buhu mai kilo 50 lita 12 ko 13 ya ke ci. Amma kwaɓi da wannan ruwa kaɗai ba ya juyuwa, dole a ƙara don ya yi laushin aiki. Abin da ya yi saura bayan siminti ya ɗauki rabonsa yana nan zaune cikin kankaren ya tare wuri, in ya ƙafe daga baya sai ya bar ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Yawan ruwa, yawan ƙofofi. Kankare mai ƙofofi kuwa ba shi da ƙarfi, ruwan sama yana ratsa shi ya kai ga rodi ya sa shi tsatsa, kuma yana ƙanƙancewa in yana bushewa, shi ne tsagewar da muka gani. Wani Ba'amurke, Duff Abrams, ya yi gwaje-gwaje masu yawan gaske a birnin Shikago, a 1918 ya bayyana cewa muddin kwaɓi ya juyu an kuma danne shi sosai, ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka ba kowane awo na siminti ne. Har yanzu a kan wannan ka'ida injiniyoyi ke tsara kwaɓi. Ga aikin yau da kullum, jarka guda mai lita 25 ga buhu guda awo ne mai kyau, a ciki har da damshin da ke jikin yashi. In aka kai lita 35, kankaren ya kan rasa sulusin ƙarfinsa ko fiye. Mu kuwa a ɗaki na biyu ba na tsammanin mun tsaya a 35.

Ashe maganar Kawu daidai ce, sai dai yashin ba da baki ya ke cin siminti ba, da jiki ne.

Wannan ka'ida ta shafi tsakuwa ma. Bisa jadawalin da ƙungiyar masana kankare ta Amurka ta tsara, kankare mai cika ramin da ke da mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, in tsakuwarsa mafi girma milimita 10 ce, zai nemi ruwa misalin lita 225 kafin ya yi laushi matsakaici. In ta milimita 20 ce, lita 205. In ta 40 ce, lita 180. Ruwa in ya ragu siminti ma ya ragu ba tare da ƙarfi ya taɓu ba. Don haka a kan so a yi aiki da tsakuwa mafi girma da wurin zai ɗauka. Amma fa akwai iyaka. Kada ta fi sulusin kaurin daɓen, kada kuma ta kai girman tsakanin rodi da rodi, in ba haka ba sai ta maƙale a sama, ƙasa ya zama rami-rami kamar saƙar zuma.

Inda babu irin wannan matsi a kan yi amfani da manyan duwatsu ƙwarai. Madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka gina a kan kogin Kolorado na Amurka daga 1931 zuwa 1936, an zuba mata duwatsu har masu kaurin inci 9. Ba tsimin kuɗi kaɗai ya sa ba. Siminti yana fid da zafi sa'ad da ya ke haɗuwa da ruwa, a ƙaramin daɓe zafin ya kan fice ba a sani ba, amma a gini mai kaurin gaske ya kan taru a ciki ya tsaga shi. Injiniyoyin sun lissafa cewa in an zuba madatsar gaba ɗaya za ta yi shekara 125 kafin ta huce. Manyan duwatsu ba su da faɗin jiki da yawa, ba su neman kunu da yawa, saboda haka zafin ya ragu. Duk da haka sai da suka binne bututu fiye da mil 580 a cikin kankaren suna tura ruwan sanyi.

Watakila wani zai ce, to, in haka ne a bar yashi mana, a yi da tsakuwa zalla. Wanda ya ce haka ya cika kwano da tsakuwa har baki, sa'an nan ya riƙa zuba ruwa da gwangwani yana ƙirgawa. Zai ga kwanon da ya ce ya cika ya karɓi ruwa fiye da sulusin cikinsa. Wannan sarari da ke tsakanin ƙwayoyi dole wani abu ya cika shi, in ba yashi sai kunun siminti, wanda ya fi kome tsada. Har wa yau kwaɓin da ba shi da isassun ƙananan ƙwayoyi ya kan yi garas-garas, ba ya haɗuwa. In an zuba shi tsakuwa ta gangara gefe guda, kunu ya tsiyaye wani gefe, ruwa ya taso sama ya kwanta, in ya ƙafe ya bar fuska mai rauni. Ƙananan ƙwayoyi su ke riƙe ruwa a wurinsa, kuma da wannan faɗin jikin nasu da mu ke kuka da shi su ke riƙe shi.

Watau abu biyu ke jan magini, kowane ta nasa gefe. Yana son faɗin jiki kaɗan don kada ya ɓata kunu wajen shafe, yana kuma son sarari kaɗan don kada ya ɓata kunu wajen cikawa. Maganin shi ne a sami ƙwayoyi iri-iri, manya da matsakaita da ƙanana, kowace ta shige tsakanin waɗanda suka fi ta. Wasu injiniyoyi biyu na Amurka, Fuller da Thompson, sun tsara yadda wannan jeri zai kasance a 1907. Yashin kogi mai kyau ya fi rairayin iska ta nan ma. In kuka damƙo shi kuka duba a tafin hannu za ku ga manya da ƙanana a gauraye. Iska kuwa tankaɗe ta ke yi, abin da ta iya ɗauka shi ta ke tarawa, sai ƙwayoyin su zo kusan kai ɗaya, ga laushi ga yawan sarari. Laifi biyu ke nan a wuri guda.

A shekarar nan ta 1918 wani injiniya mai suna Edwards, da ke aiki a birnin Toronto ta Kanada, ya kawo shawarar a riƙa auna siminti bisa faɗin jikin yashi da tsakuwa kai tsaye, kowane kaza na faɗi a ba shi kaza na siminti. Shawarar tana da hankali, ni ma da na fara karantawa na ce an gama magana. Amma da aka yi ta gwadawa sai aka ga lissafin ya kan zarce in an zo kan ƙwayoyi masu laushin gaske, domin kaɗan daga cikinsu su kan taimaki kwaɓi ya yi santsi, ba su neman ruwa gwargwadon faɗinsu. Siffar ƙwaya ma tana da nata hukunci. Cikin siffofi duka, mulmulalle shi ya fi ƙarancin faɗin jiki. Tsakuwar kogi da ruwa ya goge ta kan mirgina cikin kwaɓi da ruwa kaɗan, fasasshen dutse na inji mai kusurwoyi ya kan nemi ƙari, mai fale-fale kamar sakaina kuwa ya fi duka muni. Amma kada a raina fasasshen dutse, don kaushin nan nasa ya sa kunu ya fi kama shi da ƙarfi. Akwai kuma tokar da a ke tarawa daga hayaƙin gidajen wutar lantarki masu ƙona kwal. Laushinta ya kai na siminti, amma da ya ke ƙwayoyinta mulmulallu ne sumul, in an gauraya ta rage bukatar ruwa ta ke yi. Tokar ƙaiƙayin shinkafa kuwa, wadda ita ma a ke gaurayawa da siminti in an ƙona ta da kyau an niƙa, jikinta duk ƙofofi ne ciki da waje, don haka ta kan ƙara ƙishin kwaɓi.

Babban abokin gaba dai shi ne yumɓu. Ƙwayarsa ta fi ta rairayi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma fale-fale ce, har kilo ɗaya na yumɓun tukwane ya kan kai murabba'in mita 10,000 ko fiye a faɗin jiki. Irin baƙar lakar nan mai kumbura da damina ta dare da rani, wadda ta yawaita a ƙasar Barno, ta ninka haka sau da yawa. Maginan ƙasa sun san halinsa, shi ya sa in ƙasar tubali ta cika danƙo su kan sa mata ciyawa da ƙasa mai yashi don kada ta tsage. A cikin kankare yumɓu kaɗan ya isa ya shanye ruwan da aka auna, kuma ya kan lulluɓe tsakuwa kamar riga, kunu ya kama rigar, bai kama dutsen ba. Ƙurar injin fasa dutse in ta yi yawa ita ma haka.

Gwajinsa ba wuya, kowane malami ya iya yi a gaban mai kawo yashi. A sami kwalba fara mai miƙaƙƙen jiki, a zuba yashi har rabi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri har ya haye yashin sosai, a toshe a girgiza da ƙarfi, a ajiye sa'a uku. Yashi zai kwanta a ƙasa nan da nan, laka ta biyo a hankali ta kwanta bisansa, a ga iyakarsu sarai. A sa ma'auni a jikin kwalbar. In kaurin lakar ya wuce kashi 8 cikin 100 na tsawon yashin, watau misalin ɗaya cikin goma sha biyu, a wanke yashin ko a sake wani. Gani ya kori ji, mai yashi ba zai yi gardama da kwalba ba.

Saura shi simintin kansa, wanda ya fi yashi duka laushi. Kilo ɗaya na siminti na yau da kullum faɗin jikinsa tsakanin murabba'in mita 300 ne da 400. In muka ɗauki 350, buhu guda ya ba da 17,500, watau fiye da eka huɗu a naɗe cikin buhun da lebura ke saɓawa a kafaɗa. Ba wanda ya iya ƙirga ƙwayoyinsa, saboda haka a ma'aikata da iska a ke aunawa, bisa dabarar da a ke kira da sunan Blaine, wanda ya ƙago ta. A kan danna siminti cikin ɗan bututu, a sa iska ta ratsa, a duba agogo. In garin ya fi laushi hanyoyin iskar sun fi matsi, sai ta daɗe ba ta wuce ba.

A nan faɗin jiki alheri ne, domin ruwa daga waje ya ke cin ƙwayar siminti yana shiga ciki a hankali. Ku tuna itacen girki. Gungume ya kan kwana yana ci, faskare ya kama da sauri, ƙirare kuwa kafin a juya sun cinye. Ƙwayar siminti in ta yi girma, bayanta ne kaɗai ke haɗuwa da ruwa, cikinta ya zauna shekara da shekaru kamar yashi, an biya kuɗinsa bai yi aiki ba. Simintin da aka niƙa lilis ya kan yi ƙarfi da wuri, shi ya sa irin da a ke yi don aikin gaggawa ya fi laushi. Amma kome na da farashinsa. Niƙan yana cin wuta da kuɗi, zafin da zai fitar ya kan fito gaba ɗaya, kuma irin wannan gari ya fi saurin shan damshin iska a ajiye. Buhun da ya kwana bisa ƙasa da damina ya yi ƙulalai masu wuyar murjewa, ya riga ya fara aikinsa a cikin buhu. A ɗora shi bisa katako, nesa da bango, a kuma fara da wanda ya riga zuwa.

Masu manyan gine-gine na zamanin nan su kan ƙara wata ƙura da a ke samu daga murhun narka silikon, wadda ƙwayarta ta fi ta siminti ƙanƙanta wajen sau ɗari, tana shiga tsakanin ƙwayoyin siminti yadda yashi ke shiga tsakanin tsakuwa. Ƙishinta ba a magana. Ba ta amfanuwa sosai sai tare da wasu magunguna na ruwa da aka ƙago a Japan da Jamus cikin shekarun 1960, masu warware ƙwayoyi su sa kwaɓi ya yi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba. Wannan ba aikin ƙauye ba ne, na ambata ne don a ga ka'idar sabulun nan har can ta kai.

Akwai abu guda kuma da na gani da idona ban gane ba sai yanzu. Ran da aka yi yayyafi da dare, kwanon yashi ya kan cika da wuri, amma kankaren da a ke samu daga buhu guda ya kan kasa na jiya. Dalili, damshi kaɗan ya kan naɗe kowace ƙwaya da siririn ruwa wanda ke hana ta kwanciya jikin 'yar'uwarta, sai tulin ya kumbura. Yashi mai ruwa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ya kan kumbura da kashi 20 zuwa 30, mai laushi ma ya fi haka, da ya ke ya fi yawan jiki. Mai awo da kwano yana tsammani ya zuba kwano huɗu, ashe uku da 'yan kai ya zuba. In kuna son ku san yawan kumburin, ku cika gwangwani da yashin kamar yadda ya ke, kada ku danna, ku auna zurfinsa. Ku juye shi, ku zuba ruwa rabin gwangwanin, ku mai da yashin a hankali kuna motsawa da tsinke. Yashin da ruwa ya shanye kansa ya kan koma daidai da busasshe. Bambancin zurfin farko da na biyu shi ne abin da za ku ƙara a kowane kwano ran nan, ku kuma rage ruwan jarka gwargwadon damshin da yashin ya zo da shi.

Daɓen nan na biyu dai na ji an ce za a fasa shi a sake bayan kaka. Na rubuta wa Kawu takarda na ce in ba a sami yashin kogi isasshe ba, ya gauraya kwano biyu na kogi da ɗaya na rairayin, ya gwada ɗan wuri tukuna, ya kuma rufe daɓen da jiƙaƙƙun buhuna kwana bakwai, don hunturu zai shigo lokacin, iskarsa kuwa ta kan kwashe ruwan fuska tun siminti bai ɗauki rabonsa ba.